Kalmomin gidan turare a Agadas: sunaye baƙi, aikatau ƴan gida

1. Gabatarwa

Abin da muke kira gidan turare a wannan maƙala gida ne na zama, mai zaure da tsakar gida, inda wata mace, galibi tare da ƴaƴanta mata ko ƙannenta, take haɗa turaren wuta da humra don sayarwa. Ba shi da allo a ƙofa. Masu saye sun san shi da sunan mai shi, kuma da baki ake yi masa talla, daga gidan biki zuwa gidan suna. A Agadas, kamar a Damagaram da Difa da Maiduguri, irin waɗannan gidaje ne ke riƙe da sana'ar: fatake da masu tebur a kasuwa suna kawo kayan haɗi, mata suna haɗawa.

Mai nazarin harshe ba shi da hurumin yanke hukunci a kan ƙamshi. Abin da yake iyawa shi ne ya tattara kalmomin sana'ar ya dubi ƙirarsu. Da zarar an jera su, abu guda ke fitowa fili: sunayen kayan haɗi mafi yawansu aro ne, daga Larabci da Tamajak da Barbarci, har da harsunan Turai, alhali aikatau ɗin da ke bayyana aikin kansa Hausa ce gangariya. Manufarmu ita ce mu nuna wannan rabuwa, mu ga abin da take gaya mana game da asalin sana'ar a ƙasar Abzin, sa'an nan mu taɓo wahalar da take jawo wa mai rubuta ƙamus na Hausa da Faransanci.

Ya kamata a tuna tun farko cewa Hausa ba ita kaɗai ba ce a bakin Agadasawa. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka a garin cikin watan Oktoba na 1850, ya tarar mutanen gari suna magana da wani reshe na Saŋai wanda ya rubuta da sunan Emgedesi, dangin Tasawak ta Ingal, Hausa kuwa ita ce harshen ciniki. Emgedesi ya ɓace, Hausa ta zama harshen gari, Tamajak na kewaye da ita ta kowane gefe. A irin wannan mahaɗa aro ba abin mamaki ba ne. Abin dubawa shi ne wane sashe na kalmomi ya shafa, wane ya bari.

2. Turare da parfum

Kalmar turare ƴar gida ce. Danginta su ne aikatau turara da sunaye irin su tururi da turiri, kuma abin da ya haɗa su shi ne hayaƙi ko huci mai tashi sama. Kada rubutun boko ya ruɗe mu da Turawa: wasalin u gajere ne a turare, dogo ne a Bature da Turawa, saiwar ba ɗaya ba ce. Mun kawo wannan ne saboda a fadar Agadas akwai sarautar Sarkin Turawa, wanda Barth ya ambata, mai kula da fataken Larabawa na arewa (su ne Turawan farko a bakin Hausawa), kuma mai son tarihi zai iya ƙulla dangantakar da tsarin sauti bai yarda da ita ba.

Ke nan asalin ma'anar turare abin ƙonawa ne. Faransanci ya bi wannan hanya daidai: parfum daga Latin per fumum yake, wato "ta hanyar hayaƙi". Bambancin shi ne Faransanci ya bar wa parfum na kwalba kaɗai, ya keɓe encens ga na ƙonawa, Hausa kuwa ta riƙe kalma guda. Da na kwalba ya yawaita har ya mamaye sunan, sai aka koma ana yi wa na asalin ƙari, ana cewa turaren wuta. Mai gida ne ya koma yana gabatar da kansa.

Ƙarin da ake yi wa kalmar ya cancanci a tsaya a kansa, domin mahaɗi -n guda ɗaya yana ɗauke da dangantaka iri-iri:

(1) turaren wuta, turaren kasko (abin da ake aiki da shi)
(2) turaren ɗaki, turaren kaya, turaren jiki (abin da ake turarawa)
(3) turaren sandal, turaren kajiji (abin da aka yi shi da shi)
(4) turaren tsuguno (yadda mai amfani take zama)
(5) turaren amarya, turaren mai jego (wadda aka yi dominta)

Mai fassara zuwa Faransanci dole ya zaɓi à ko de ko pour a kowane layi, kuma misali na (4) ba ya fassaruwa sai da jimla sukutum.

3. Sunayen kayan haɗi

3.1. Na hanyar arewa

Shaida mafi ƙarfi da muke da ita a kan kayan ƙamshi na ƙarni na 19 ta fito ne daga lissafin da Barth ya yi na kasuwar Kano a 1851. Cikin kayan da ke shigowa daga Tarabulus ya lissafa lubban da jawi da simbil da kanumfari, ya ƙiyasta kuɗinsu wuri miliyan 15 a shekara. Man wardi kuwa ya ware shi daban, ya ba shi wuri miliyan 40, yana mai cewa kaɗan ne daga cikinsa ke kaiwa kasuwa, saura a ɓoye ake sayar wa sarakuna da manya ko a ba su kyauta. A canjin lokacin, wuri 2,500 ne dala guda ta azurfa, don haka ana maganar dala 6,000 da dala 16,000. Waɗannan kaya ta Gadamas da Gat suke bi, su ratso Abzin da Damargu. Gaskiya ne a zamanin Barth Agadas ta riga ta ja baya, mutanenta ba su wuce 7,000 ba a ƙiyasinsa, kuma ayari da yawa kan wuce ba tare da ya shiga gari ba. Duk da haka Abzinawa ne masu raƙuman, kuma abin da raƙumi ya ɗauko ba ya wuce gidan mai shi ba a san sunansa ba.

Kowace kalma a jerin nan tana da labari. Jawi, ko jawul yadda aka fi ji a kasuwa, rabin suna ne. Cikakkensa a Larabci lubān jāwī, "lubban na Jawa", ƙaron wata bishiya ta Sumatra da maƙwabtanta. Mutanen Kataloniya da na Italiya sun ji lu- na farko sun zaci tsigalau ne na harshensu (abin da Faransanci ke kira article), suka yar da shi, aka samu benjuí, daga nan benjoin na Faransanci, daga baya har benzène na masu kimiyyar haɗa sinadarai. Hausa ba ta yar da komai ba: ta raba sunan biyu, lubban ya tsaya a kan ƙaron Boswellia, jawul ya tsaya a kan na Jawa. Simbil, daga sunbul, ya fi ban mamaki. Barth ya ce Valeriana celtica ce, wata ƴar ciyawa da ke fitowa a kan duwatsun Alp na ƙasar Ostiriya, wadda ake tono saiwarta a kai tashoshin Venise da Trieste, a tsallaka da ita Bahar Rum. Ciyawar Turai ce, da sunan Larabci, a kaskon Bahaushiya.

Kanumfari daga qaranful yake, wanda shi ma dangin karyophyllon na Girkanci ne, kakan girofle na Faransanci. A wasu kare-karen yamma ana jin karamfani, wanda ya riƙe r a gurbinta na asali. Jibda ko juda, wato maiƙon tunkun juda, daga saiwar z-b-d ta Larabci take, wadda ta ba Faransanci civette ta hanyar Italiyanci. Sandal kuwa tafiyarsa ta fi tsawo, daga candana na Sanskirit, ta Farisanci, ta Larabci.

Greenberg (1947) ya raba ararrun kalmomin Larabci a Hausa gida biyu: tsofaffi, waɗanda suka shigo ta bakin fatake, sau da yawa da al- ko l- manne a goshinsu, da kuma na malamai waɗanda suka shigo ta littafi. Hiskett (1965) ya yi jayayya da shi a kan lokutan. Kalmomin turare ba su zauna daram a cikin wannan rabo ba. Almiski na ɗauke da al-, amma wardi da sandal da lubban da ambar ba su da shi, ga shi kuwa duka kayan fatauci ne. Har ma almiski yana da tagwai: masu haɗa turare sukan ce miski ko misik. A ganinmu kalmar sau biyu ta shigo, da farko ta arewa da bakin malamai, daga baya ta gabas da bakin mata.

Tamajak ta ba da nata, amma a wani fanni daban. Tazargade, ganyen Artemisia mai ƙamshi da ake kawowa daga hamada, ɗafa-goshinta ta- ya isa shaida. A Abzin kanta ana ƙona ƙaron adaras, bishiyar da Hausawa ke kira dashi (Commiphora africana), ana kuma amfani da teberemt, wato nobe. Waɗannan sun fi karkata ga magani da kariya daga iskoki fiye da ado. Susan Rasmussen (1999) ta yi bayani mai tsawo a kan matsayin ƙamshi wajen Abzinawan Ayar, a biki da jinya da hulɗa da Kel Essuf, mutanen daji. Mai gidan turare ta san bambancin sarai: akwai turaren da ake yi don miji ya ji, akwai wanda ake yi don wani abu ya fita daga ɗaki, kuma ba a zuba su a kwalba guda.

3.2. Na hanyar gabas

Kalmomin da suka fi ba sana'ar kamanninta na yau daga gabas suka zo. Humra ita ce khumra ta Larabcin Sudan da Cadi. Sauyin kh zuwa h ƙa'ida ce sananniya (khātim ya ba da hatimi, kharāj ya ba da haraji). Saiwar kh-m-r tana nufin rufewa da tsimuwa, kuma daga gare ta khamr, giya, ta fito. Halut, haɗin itatuwa da yawa, daga kh-l-ṭ yake, "gaurayawa". Ɗorot sunan itacen Terminalia ne da matan Sudan da Cadi ke tsuguno a kan hayaƙinsa. Dilka da halawa, na gyaran jikin amarya, tare suka iso. Kajiji (Cyperus articulatus) kuwa Hausa da Barbarci sun yi tarayya a kansa, kuma ƙirar ka- tana nuni zuwa Barno, kamar yadda Greenberg (1960) ya nuna game da kasuwa.

Farce ya bambanta da sauran domin fassarar aro ce. Abin da ake nufi shi ne murfin bakin wani dodon koɗi na Bahar Maliya da tekun Indiya, wanda Larabawa ke kira ẓufr, "farce", saboda kamanninsa. Girkawa ma onyx suka ce, ma'ana guda. Hausa ba ta ɗauki sautin ba, ta ɗauki hoton. Abin lura ga mai nazarin karin harshe shi ne ko a wuraren da ake cewa akaifa ko ƙumba ga na yatsa, na turare farce ne. Wannan na nuna cewa sunan ya bi kaya daga kasuwannin da ke magana da Kananci.

Hanyar da waɗannan kalmomi suka bi ba a ɓoye take ba. Kafin jirgin sama, alhazai ta ƙasa suke tafiya, ta Barno da Wadai da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya, tafiyar shekaru, wasu ma su zauna can, kamar mutanen Mai Wurno da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Matan Barebari da na Larabawan Shuwa su ne aka sallama wa a wannan fage har yau, kuma Agadas tana da nata Barebari da Tubawa ta hanyar Kawar, inda ayarin gishiri ke zuwa Fashi da Bilma kowace shekara.

3.3. Na hanyar teku

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta kama Tarabulus, fataucin hamada ya durƙushe, kayan ƙamshi suka koma shigowa ta kudu. Sunayen wannan zamani sunayen kamfani ne da aka hausantar. Binta Sudan shi ne Bint el Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fitar a 1920, da mai aka haɗa shi ba da alkol ba don ya karɓu wajen Musulmi, daga baya kuma aka riƙa haɗa shi a Kano. Hausa ta ji bint, "ƴa", ta mai da shi Binta, sunan da ta sani. Ɗan Duwala yana ɗauke da sunan tashar jirgin ruwa ta Kamaru, ɗan goma kuwa farashi ne ya zama suna. A Sudan da Cadi, humra ba ta cika sai da Rêve d'Or na gidan L. T. Piver na Paris, turaren 1889. Na baya-bayan nan, su oud da bakhur na Dubai da Jidda, har yanzu ba su gama zama a bakin mutane ba, shi ya sa ake jin lafazinsu iri-iri.

4. Aikin kansa

Yanzu mu bar sunaye mu shiga tsakar gida. Haɗin turaren wuta, a taƙaice, haka yake tafiya. Ana farfasa itace ƙanana, a wanke, a shanya ya bushe ƙayau. Farce shi ne mai wahala: sai an jiƙa shi, an kankare ragowar naman da ke manne, an wanke sau da yawa, sa'an nan a soya shi, a cikin rairayi mai zafi ko a busasshen kasko, har ƙarnin teku ya fita, a daka, a tankaɗe. Ana narka sukari da ruwa kaɗan a tukunya har ya yi danƙo, a zuba itacen a riƙa juyawa, a barbaɗa garin farce da jawul da miski, a sauke, a zuba turarukan mai tun da sauran ɗumi, a rufe a kwalba a ajiye. Sukarin aiki biyu yake yi: yana manne gari a jikin itace, yana kuma rage saurin cin wuta, ta yadda hayaƙi zai fita a hankali. Idan ya wuce kima sai turaren ya yi ƙauri, idan bai kai ba sai gari ya zube a gindin kwalba.

Humra ta fi ɗaukar lokaci. Ana kwaɓa garin farce da sandal da kanumfari da miski, a shafa kwaɓin a cikin kwano, a kife shi a kan hayaƙin sandal, a turara, a sake kwaɓawa da turare, a sake turarawa. Bayan haka a zuba a kwalba tare da turarukan ruwa da na mai, a toshe baki, a bar ta makonni tana tsuma, ana girgizawa lokaci-lokaci. Baƙar humra da farar humra sun bambanta a kayan da aka zuba da kuma yawan hayaƙin da kwaɓin ya sha.

Ga aikatau ɗin da muka yi amfani da su a sakin layi biyun nan: farfasa, wanke, shanya, jiƙa, kankare, soya, daka, tankaɗe, narka, juya, barbaɗa, sauke, kwaɓa, kife, turara, toshe, tsuma, girgiza. Babu na aro ko ɗaya.

Mai karatu zai ce, da gaskiyarsa, wannan ba sabon abu ba ne: a kowane harshe suna ya fi aikatau saurin aruwa, kuma babban binciken da Haspelmath da Tadmor suka tsara (2009), wanda Ari Awagana da Ekkehard Wolff suka rubuta babin Hausa a cikinsa, ya tabbatar da haka. Amsarmu ita ce a dubi sauran sana'o'in da suka zo daga waje. Da ilimin littafi ya zo, ya zo da karanta da rubuta da fassara. Da aikin gareji ya zo, Hausa ta nemi dabara ta yi + suna: a yi walda, a yi faci, a yi fenti. A gidan turare wannan dabara ba ta bayyana sai a gefen gyaran jiki (a yi dilka, a yi halawa). Haɗin kansa bai buƙace ta ba, domin akwai aikatau a shirye, kuma idan aka sake duba jerin za a ga inda suka fito: ban da turara, dukansu na madafa ne. Da su ake yin fura da yaji da tsimi da alewa. Kayan aikin ma haka: turmi, taɓarya, rariya, tukunya, muciya, murhu. Wato fatake sun kawo kaya da sunayensu har ƙofar gida, a can suka tsaya. Waɗanda suka karɓa a ciki sun riga sun iya sarrafa wuta da sukari da gari, sai suka ɗora sabon abu a kan tsohuwar gwaninta. Wannan, a ganinmu, shi ne asalin gidan turare, kuma shi ya sa sana'ar ke bin layin uwa da ƴa, ko uwar ɗaki da ƴar ɗaki, maimakon layin maigida da yaron shago.

Akwai wani abu na nahawu da ya fi wannan jan hankali. Idan gwana tana duba aikin mai koyo, hukuncinta kusan kullum da aikatau na rukuni na 7 yake fita, a tsarin Parsons (1960), wato masu ƙarewa da -u:

(6) Farcen bai soyu ba.
(7) Itacen ya jiƙu.
(8) Bar ta ta tsumu tukuna.
(9) Zanen ya turaru.
(10) Wannan haɗin ya haɗu.

Rukuni na 7 ba ya tsayawa ga cewa an yi aiki. Yana cewa aikin ya kai inda ake so, ya ratsa abin gaba ɗaya. "An soya farce" labari ne, "farce ya soyu" hukunci ne. Faransanci ba shi da siga guda da ke ɗaukar wannan, sai ya ƙara bien ko à point ko suffisamment. Sirrin kowane gida yana tsakanin waɗannan sigogi biyu, wato yaushe ne abin da aka soya ya zama soyayye. Jerin kayan haɗi ba sirri ba ne, kowane mai tebur a kasuwa zai karanto maka shi. Awo ma ba a rubuce yake ba: murfin kwalba, cokali, tafin hannu, gwangwanin tumatir. Abin da ƴa ke koya a shekarun da take zaune kusa da murhu shi ne ta gane lokacin da -u ta tabbata, da ido da hanci da ƙarar tukunya.

5. Yadda ake faɗin ƙamshi

Hausa ta wadata da sunayen wari: wari, ɗoyi, ƙarni, ƙauri, zarni, gafi, hamami, bashi, kowane da abin da ya keɓanta da shi. A gefen daɗi kuwa kalma guda ce, ƙamshi. Mai sana'ar da rayuwarta ta rataya a kan bambance ƙamshi goma ba za ta iya zama da kalma guda ba, sai ta ara daga sauran gaɓoɓin ji: ƙamshi mai sanyi, mai nauyi, mai zaƙi, mai kaifi, mai ƙarfi, mai laushi. Aikatau ji ya riga ya share wannan hanya, tunda da shi ake jin magana da zafi da gishiri da ƙamshi, kamar yadda Ian Ritchie (1991) ya tattauna.

Abin sha'awa shi ne waɗannan kalmomi duka ƴan aji guda ne. Sanyi, nauyi, zaƙi, kaifi, ƙarfi, laushi, da ƙamshi da wari da ƙauri kansu, su ne sunayen da Parsons (1955) ya keɓe a matsayin sunayen sifar abin da ake ji: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama-sama, ƙarshe -i. (Da karin sauti ne ma ake raba ƙarnin kifi da ƙarni na 19, abin da rubutunmu ba ya nunawa.) Daɗewar ƙamshi kuwa da kama ake faɗinta: ya kama ɗaki, ya kama jiki, ya kama kaya. A Grasse za su ce ténacité. Aikin farce ke nan a cikin haɗi, shi ba ƙamshi gare shi na a zo a gani ba, amma yana riƙe na sauran.

6. Suna ya tsaya, kaya sun sauya

Matsalar da ke gaban mai ƙamus ita ce sunayen da muka jera a sashe na 3 sun daɗe fiye da abubuwan da suke nufi. Bargery (1934) da Abraham (1949) sun rubuta a lokacin da wasu daga cikin kayan nan suke na asali. Miski na gaske daga jakar cibiyar wata barewar duwatsun Asiya yake fitowa, baƙi-baƙi ne, tsadarsa ta fi ƙarfin ƙaramin gida. Farin da ake sayarwa da wannan suna haɗin masana'anta ne, zuriyar wanda Albert Baur ya gano a 1888, kuma ɗaya daga cikin dangin, musc ambrette, Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan shafa tun 1995 saboda illarsa ga fata da jijiya. Sandal na Indiya (Santalum album) ya yi ƙaranci har an sa shi a jerin bishiyoyin da ke cikin haɗari a 1998. Wanda ake maye gurbinsa da shi daga gabashin Afirka, Osyris lanceolata, shi ma ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES a 2013. Da yawa daga abin da ke zuwa da sunan sandal farin itace ne da aka jiƙa da turare.

Ga mai gidan turare wannan ba maganar ƙamus ba ce, maganar jari da mutunci ce. Kayanta duka daga waje suke, don haka duk abin da ya taɓa iyaka ko kuɗi ya taɓa tukunyarta: karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, takunkumin CEDEAO daga 2023 zuwa Fabrairun 2024. Idan kaya suka yi tsada, jabu ke cika tebur. Idan turaren amarya ya yi ƙauri a ɗakin miji, ba mai tebur za a ambata ba, sunan gidan da ya haɗa za a kira. Kariyarta guda ita ce gwajin da ta gada: ta ɗora ɗan guntu a garwashi ta jira, domin itacen da aka jiƙa ƙamshinsa na tashi nan da nan ya bar hayaƙin itace zalla, na gaske kuwa yana ci gaba har ya zama toka.

Saboda haka shigar almiski a ƙamus na Hausa da Faransanci da kalmar musc kaɗai ba ta wadatar ba. Tana buƙatar ma'ana biyu a jere, ta littafi da ta kasuwa, da nunin cewa miski da misik sun fi karkata ga ta biyu. Aikatau kuma sun fi sunaye buƙatar gyara. Ƙamusoshinmu, har da Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini (1994) da ɗalibanmu suka fi riƙewa, an tsara su ne don harshen yau da kullum, inda soya ke daidai da frire. Soya farce a rairayi torréfier ne, soya itace a sukari kuwa ya fi kusa da enrober à chaud, tsuma humra macérer ne, turara kwaɓi fumer ne, turara zane parfumer à la fumée. Ɗalibin da zai ɗauki wannan aiki a matsayin kundin digiri zai buƙaci ya rubuta kowane aikatau tare da abin da yake faɗawa a kai, da sigarsa ta rukuni na 7, da alamar da gwana ke dubawa kafin ta furta ta. Tunda aikin a cikin gida ake yin sa, inda baƙo namiji ba ya wuce zaure, ɗaliba mace ce za ta fi samun shiga.